Ƙwallon da Hajiya Hindu Ta Wanke

Tun safe Harun ya kasa zama. Ya buɗe durowa ya rufe, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya fita baranda, hayaniyar motocin titin Faisal ta koro shi ciki. Ƙwallon mahaifinsa ya yi ɓatan dabo, ga shi ya yi wa tsohon kulob ɗin mahaifin alkawarin miƙa shi yau.

Mahaifin nasa, marigayi Badamasi, karatu ya kawo shi Masar, sai besbol ya riƙe shi, wasan nan da ake jefa ƙwallo wani ya doke shi da sanda. Shekara da shekaru masu sanda suna dukan iska in shi ke jifa. Ranar wasansa na ƙarshe abokansa suka sa hannu a jikin ƙwallon, da jar ƙasar filin da komai. Shi kulob ke son ajiyewa cikin gilashi.

"Umma, ina ƙwallon Baba?"

"Yana bakin taga yana shan iska," in ji Hajiya Hindu daga kicin.

Ya same shi fari fat, yana ƙamshin sabulu. Ko suna ɗaya bai saura ba.

"Umma! Wankewa kika yi?"

"To da dauɗarsa zan ba baƙi, a ce matar Badamasi ƙazama ce? Sai da na sa soso."

"Ai dauɗar ake so!"

Yana cikin safa da marwa Dalia, sakatariyar kulob, ta iso. Ta jujjuya ƙwallon, ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ya Harun. Wa zai yarda nasa ne?"

Hajiya ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta nuna mata ɗan yatsanta da ya karkace.

"Wannan aikin Badamasi ne. A saman bene ni ke cafe masa, har ya gaji ya koya mini. Matsa, Harun."

Ta ɗora yatsu biyu a kan ɗinkin, ta wurga. Ƙwallon ya nufi ƙofa, ya lanƙwasa, ya faɗa kan kujera.

Dalia ta dafe ƙirji. "Wallahi jifansa ne! Khalas, shi ke nan, mun karɓa. Amma ke za ki yi jifan farko ranar buɗe wasanni."

Sai a lokacin Harun ya zauna.

"Zan zo," in ji Hajiya. "A dai goge gilashin sosai."