Kunnen Barsu

"Ba a shagona ba, Baba. Don Allah mayar da shi aljihu."

"Kunne ne. Ba ya cizo."

"Kunnen kare ne. Nan sukari nike saidawa, da shayi."

Inusa bai mayar ba. Ya bar gwangwanin tumatir ɗin a buɗe kan teburin ɗansa, tsakanin madarar gari da wayoyin caji. A ciki akwai wani abu baƙi, busasshe, bai fi ɗan yatsa ba, gishiri ya yi masa fari a gefe. Da safe ya taso daga rugarsu ta bayan Dogon Kiriya a taksin kasuwa, shi a ciki, ragonsa a sama. Yanzu ragon yana ɗaure a turken rumfa yana cin kwali, kasuwar Dutsi kuma ta fara cika.

Zakariya ya shafi gemunsa, ya leƙa waje ko wani daga cikin abokan masallacinsa na wucewa.

"Kai ka nuna mini abin," in ji Inusa.

"Na nuna maka don ka ga ɓarnar dukiya, ba don ka yi koyi ba."

Gaskiya ne. Da Sallar layya Zakariya ya je ruga, ya buɗe wa tsohon wani bidiyo a waya. Wata mata ce a ƙasar waje, karenta ya mutu, aka ɗauki ɗan guntun fatarsa aka yi mata wani, sak na farkon. Zakariya ya yi ta girgiza kai yana cewa duniya ta zo ƙarshe. Inusa kuwa ya ƙura wa wayar ido. Ya dai ce a maimaita masa sau biyu.

Kwana tara ke nan da mutuwar Barsu. Shekara goma sha biyu karen nan yana fita da awaki da hantsi, ya dawo da su da la'asar, ba mutum a bayansa. Tsufa ya kwantar da shi, wata safiya bai tashi ba. Kafin Inusa ya binne shi sai da ya yanki bakin kunnensa na dama, ya barbaɗa gishiri, ya shanya a kan bukka, yana korar shaho da sanda. Tun daga ranar dila ya ɗauke 'yan awaki biyu. Gwiwoyin Inusa kuwa sun daɗe da daina zuwa daji.

"Baba, ka saida bisashen ga ka taho gari. Ɗaki na nan. Inna ta huta, kai ma ka huta."

"In zauna bisa bencinka ina ƙirga motoci."

"Ya fi bin dila da sanda."

Inusa ya rufe gwangwanin. "Kai ni wajen mai maganin dabbobi. In ta ce babu hanyar samun wani Barsu, na ji, a saida awakin. In akwai, ga rago nan, a biya su."

Zakariya ya dubi ragon. Ya ja ƙofar shago ya sa kwaɗo.

Shagon Zalihatu yana bakin kara, inda ake cinikin dabbobi. A Yamai ta yi karatun likitan dabbobi, ta dawo gida ta buɗe wurin. Suka same ta tana ɗura wa wata tunkiya magani, ta danne ta da gwiwa. Ta gaishe da Inusa har ƙasa, ta ba shi kujera, ta saurare shi har ya gama. Ba ta yi dariya ba. Don wannan kaɗai Inusa ya ji ta kwanta masa.

"Ana yi, Baba," ta ce. "Ba ƙarya ba ce. Amma ba nan ba, ba Yamai ba. Sai an hau jirgi."

Inusa ya dubi ɗansa. Zakariya ya dubi rufin kwano.

Ta wanke hannu, ta ɗauko wayarta, ta duba wani abu, sannan ta yi masa bayani a hankali, kamar mai karanta wasiƙa. Fatar da za a ɗauka, in ji ta, a cikinta akwai ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowace ɗaya tana ɗauke da kamannin karen gaba ɗaya. Su ake rainon su a kwalba har su yi yawa. Sai a samo ƙwai daga cikin wata karya, a cire abin da ke tsakiyarsa, a sa na Barsu a gurbin. A dasa a mahaifar wata karyar daban. Wata biyu ta haihu. Ba kullum yake kamawa ba, sai a sake.

"Kamar a sa wa kaza ƙwan zabo," in ji Inusa.

"Kusan haka."

"To ai mun daɗe muna yi. Nawa suke karɓa?"

Zalihatu ta leƙa ragon ta ƙofa. "Wannan in kasuwa ta yi kyau zai yi jika ɗari, dubu ɗari ke nan na sefa. Irinsa ɗari uku suke so. Miliyan talatin, ban da kuɗin jirgi."

Inusa ya shiga lissafi. A ransa ya jera raguna ɗari uku daga bakin rijiyarsu, ya ga layin ya wuce gonar maƙwabci bai ƙare ba.

"Na kare ɗaya?"

"Ɗaya."

"Mutanen ga suna da lafiya?"

"Abin da nike faɗa maka ke nan tun layya," in ji Zakariya.

Duk da haka Inusa ya fito da gwangwanin ya miƙa mata. Ba don yana da raguna ɗari uku ba. Ya dai sha wahalar kunnen nan, yana so wani da ya san aiki ya ce ya yi daidai. Zalihatu ta buɗe, ta juya abin da bakin almakashi, ta shinshina. Nan ne dariyar ta ƙwace mata, ta rufe baki da gyale.

"Gafarta mini, Baba. Ƙwayoyin da rai ake son su. Cikin sanyi ake ajiye fatar, a firji, kuma kar ta wuce 'yan kwanaki. Kai kilishi ka yi."

"Gishiri da rana ba su taɓa ɓata mini nama ba."

"Ba su ɓata shi ba. Kashe shi sunka yi."

Har Zakariya sai da ya murmusa cikin gemu. Da ya ga fuskar tsohon sai ya daina. Ya durƙusa kusa da kujerar, ya sassauta murya.

"Shi ke nan, Baba. Ka ji da kunnenka. Kasuwa mai zuwa in turo mota a kwaso su."

Inusa ya kawar da kai. Yana kallon tunkiyar da aka ɗura wa magani, ɗanta ya samu ya kutsa ƙarƙashinta yana tsotso, wutsiya na rawa. Awaki arba'in da ɗaya. Ya san kowace da uwarta da kakarta. Ya ga kansa a bencin shago, mutane na wucewa suna ce masa sannu da hutawa.

"Ɗiyata," ya ce, "in karyar ga ta haife shi can, wa ke ba shi nono?"

"Ita mana. Sai ya yi wata biyu ko uku kafin su ba da shi."

"Idonsa gabanta zai buɗe?"

"Gabanta."

"Ashe kare za su ba ni."

Zalihatu da Zakariya suka dubi juna.

"Baba, Barsu mi ne ne in ba kare ba?"

Inusa ya gyara zama. Abin ya daɗe har ya bar tuna shi. Barsu yana kwana huɗu a duniya maciji ya sari uwarsa. Sauran 'yan'uwansa suka bi ta. A'i, matar Inusa, ita ta ɗauki wanda ya rage, ido a rufe, ta kai shi garke. Akwai wata jar akuya da ɗanta ya mutu, nono na damunta. A'i ta shafe ɗan kwikwiyon da nonon, ta riƙe akuyar, ta sa shi ƙarƙashi. Ta ce haka danginta na wajen Gecame suke yi. Ranar da ya buɗe ido, ƙafafun awaki ya fara gani. A cikinsu ya kwana, a cikinsu ya girma. Har ciyawa yakan tsinka ya tauna, ya tofar.

"Bai taɓa sanin shi kare ne ba," in ji Inusa. "Ba gadi yake yi ba. Danginsa yake bi. Sau biyu ina kawo wasu karnuka da sunka yi wayo, ɗaya ya cinye mana kaji, ɗaya ya bi 'yan farauta. Sai na ce jinin Barsu ne daban. Ashe ba a kunne abin yake ba."

Zalihatu ta aje almakashi. "Wanda bai buɗe ido ba kake so?"

"Da akuya mai nono. Ita ina da ita. Dila ya bar mini biyu."

"Taso, Baba."

Bayan shagon akwai wata tsohuwar amalanke da ta rasa ƙafa ɗaya. A ƙarƙashinta wata karya ja, ta mahauta, ta zuba 'ya'ya shida kwana shida da suka wuce. Uwar ta tafi kiwon ƙashi. Inusa ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, yana duba tafin ƙafa da faɗin ƙirji. Ya zaɓi wani baƙi mai farin wuya, wanda ya fi kowa ihu. Bai yi kama da Barsu ba ko kaɗan.

"Wa zan biya?"

"Kuɗin kare bai halatta," in ji Zakariya, da sauri, kamar an taɓa shi a inda ya fi sani.

"Madalla. Yau malamanku sun yi mini rana. Daga rago ɗari uku zuwa kyauta. To karen kiwo fa, mi sunka ce?"

Zakariya ya ja numfashi. "Na kiwo, da na gona, da na farauta, an yarda."

"Ka ji, ɗiyata. Yaron ga ya yi karatu."

Zalihatu ta ce a hanzarta, ɗan abu kamar wannan ba ya jure yunwa, kuma idon zai iya buɗewa nan da kwana huɗu ko biyar. Taksin Dogon Kiriya ba ya tashi sai kasuwa ta watse, ga shi direban ba ya ɗaukar kare ko a cikin kwali. Inusa ya san haka. Ya dai tsaya da kwikwiyon a tafin hannu yana kallon ɗansa.

"Ranar kasuwa ce, Baba."

"Na sani."

"Moto na ba shi da isasshen mai."

"Ga masu saida shi a kwalabe can bakin hanya."

Haka suka fita daga Dutsi bayan azahar a kan babur ɗin Zakariya. Zakariya a gaba, kwalin sukari da kwikwiyon a ciki a kan tanki tsakanin hannuwansa, an huda shi wuri uku. Inusa a baya, rago a ɗaure kwance kan cinyarsa. Da suka zo wucewa ta gaban masallaci Zakariya ya ƙara wuta, bai waiga ba. Kwalin yana ta kuka. Bayan sun bar kwalta suka shiga yashi, Inusa ya ga hannun ɗansa na hagu yana sauka kan kwalin duk lokacin da za su faɗa rami. Ya yi kamar bai gani ba.

Rana ta yi sanyi suka isa. A'i tana bakin garke, ita ta kai awakin kusa da rijiya ta dawo da su, ƙafarta duk ƙaya. Ta dubi ragon, ta dubi ɗanta, ta leƙa kwalin.

"Wannan ne na jirgin?"

"Wannan na bayan amalanke ne," in ji Inusa.

"Tun ranar da kake shanyar kunne nike son in tuna maka. Ka ce in bar ka da aikin masu ilimi."

"To ga shi na dawo makarantarki."

Ta kamo akuyar da dila ya ɗauke wa ɗa shekaranjiya, hantsarta ta kumbura. Akuyar ta shinshini baƙon, ta yi tsalle, ta kai harbi. A'i ta tatsi nono a tafin hannu ta shafe kwikwiyon tun daga kai har wutsiya.

"Zakari, riƙe mini ƙahonin."

"Inna, ina da alwala."

"Akuya za ka riƙe, ba shi ba."

Ya naɗe hannun riga ya riƙe. Akuyar ta taka masa ƙafa, ta bar masa shaida a farin wando. Kwikwiyon ya yi ta lalube da hanci, ya kuskure, ya sake kuskurewa, sannan ya kama. Kukan ya tsaya cak. Akuyar ta ƙara fizga sau ɗaya, ta haƙura, ta fara tuƙa.

Inusa ya taɓa gwangwanin a aljihu. Gobe zai tona gindin aduwar da ya binne Barsu ya mayar masa da kunnensa, tunda a banza ya rage masa shi.

A'i ta miƙe tana dafa ƙugu. Shekara talatin da biyar Inusa ya san wannan miƙewar, don haka ya ɗaga kai ya shiga duban sama kamar mai neman hadari. Zakariya kuma ya sunkuya yana ta kankare wandonsa. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta dubi abin da bai fi tafin hannu ba a ƙarƙashin akuya.

"To, kafin wannan shi buɗe ido shi yi ƙafa, ko da shekara guda ce, wa zai riƙa fita da awakin?"