Kwalbar Haidirojin ta Aro

Akwatuna huɗu suka sauka daga jirgin Mamman da hantsi, gindinsu jiƙe da ruwan tafki. Yasira ta tsaya a gaɓa tana kallon yayan nata yana ɗora wa ɗalibanta a ka.

"A hankali, ku 'ya'yan nan, kayan mutane ne!" in ji Mamman. Ya juyo gare ta. "Malama, ga ɗakin gwajinki ya iso. Da azahar zan kwashe, gobe wata makarantar ke da baƙi."

Haka aka saba. Duk makarantar da mai duba zai ziyarta, sai a kai mata akwatunan nan a jera kayan ciki a kan tebur. In ya sa hannu, a kwashe a yi gaba. Idan bai ga ɗakin gwaji ba, zai hana a yi jarrabawa a makarantar, a tura yara ƙetaren tafki. Mamman kuwa ya riga ya rantse 'yarsa Khaulat ba za ta hau ruwa da damina saboda takarda ba. Ya sha tsamo gawa da hannunsa.

A akwati na uku Yasira ta tarar da kwalbar. Siririya ce, da ƙarfe a kowane baki, ga na'urar da ake ɗaura ta a kai. Rabonta da irinta tun tana jami'a. Shekara uku ke nan tana zana wa 'yan mata ƙawanya biyu a allo, da layi a tsakani. Tana gaya musu iskar haidirojin zarra biyu ce manne da juna, riƙon da zafin murhu ba ya rabawa, har na maƙera ma. Amma in aka sakar mata lantarki mai ƙarfi a cikin kwalba, sai riƙon ya tsinke, kowace zarra ta kama gabanta, su ba da haske. Yara talatin da biyu sun rubuta haka. Ko ɗaya ba ta taɓa gani ba.

Ta sami shugaban makarantar, Malam Isa, yana sa ido ana kafa janaretan da shi ma aro ne.

"Ranka ya daɗe, in an rubuta muna da ɗakin gwaji, ba za a taɓa aiko mana da namu ba."

"Da can an aiko?" Bai ko dube ta ba. "Ke dai in ya tambaya, ki ce namu ne."

"Zan ce. Amma a ba ni rabin sa'a da yarana kafin a kwashe. Su ga abu ɗaya da idonsu."

"An ba ki. Har sa'a guda ma."

* * *

Mai duban bai iso ba sai da rana ta take tsaka. Dattijo ne mai furfura a gemu, ana ce masa Modibbo. An tura 'yan ajin Yasira bayan makaranta su soya masa kifi, aka rufe ƙofar ɗakin da aka jera kayan don kada hayaƙi ya dame shi.

Ya bi teburin yana taɓa wannan yana shafa wancan. Da ya zo kan kwalbar sai ya ɗaga ta, ya juya, ya sa farce a wani ɗan ƙwarzane da ke gefenta.

"A'a, mutuniyar! Ashe kin riga ni isowa. Ranar Litinin muka rabu da ke, yanzu har kin ƙetare ruwa."

Malam Isa ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Modibbo ya dubi Yasira ta saman tabarau.

"'Yata, kayan nan naku ne?"

Ta ji muryar Khaulat daga waje tana ce wa wata ta rage wuta kada mai ya ƙone. Ya sani, ta san ya sani. Bakinta kawai yake so ya ɗauki nauyin.

"Namu ne, Baba."

"Madalla. To kunna mu gani."

Ta ɗaura kwalbar, ta murɗa. Na'urar ta yi ƙara siririya, haske ya miƙe daga baki zuwa baki. Zarra na rabuwa a gaban mutum uku, biyu daga ciki suna duba takarda. Modibbo ya sa hannu, ya ce a kashe kada a ɓata mai.

* * *

Kifin ya yi masa daɗi. Ya ci, ya ƙara, ya yi salla, ya kishingiɗa. Malam Isa ya ce ba a taɓa komai sai baƙo ya tafi. Lokacin da motar Modibbo ta tashi, hadari ya fara haɗowa daga gabas, Mamman na tsaye a ƙofar aji da igiya a kafaɗa.

"Yaya, minti goma kawai."

"Dubi sama, Yasira. Kina so iska ta tarar da ni a tsakiyar ruwa da gilasan mutane?"

"Biyar."

"An ma riga an kwance janareta. Ki bari sai baɗi."

"Baɗi waɗannan sun fita."

Ya sunkuya ya fara ɗaure akwati.

'Yan matan da suka kawo su ne suka mayar, hannuwansu na ƙarnin kifi. Khaulat ce ta ɗauki na uku. Da jirgin ya bar gaɓa, ta sauke gammo ta matso.

"Gwaggo, an ce kin kunna. Wace kala ce?"

Yasira ta duba ko'ina tana neman abin da za ta kwatanta da shi. Can gefe an jibge buhunan albasar da za a kai kasuwar Yelwa, ɗaya ya fashe.

"Kamar ɓawon albasa," ta ce.

Khaulat ta zaro biro daga cikin hijabinta ta rubuta a tafin hannu. Sauran suka kewaye ta, kowa na kwafa.