Karin Kumallo Ba Ƙwai

Delmar Hoekstra magana ɗaya gare shi a duniya, kuma ya daɗe yana yin ta: man da ake tatsa daga masara a zuba wa motoci bai taɓa ƙara wa kowa tsadar abinci ba. Ya faɗe ta a rediyo, ya faɗe ta a majalisar jihar Iowa, har a wajen binne surukinsa sai da ya ja fasto gefe ya karanta masa ita. Da manoman masarar yankin suka ga bakin nan ba ya gajiya, sai suka ɗora shi a kan shugabancin ƙungiyarsu, suka ba shi koriyar hula mai hoton masara.

To, bana an kawo ƙudiri majalisa wanda zai tilasta wa gidajen mai su ƙara yawan man masara a cikin fetur. In ya wuce, masana'antar tatsar man da ke bayan gari, wadda Delmar da maƙwabtansa suka zuba wa duk abin da suka mallaka, za ta ci gaba da hayaƙi. In ya faɗi, sai a garƙame ta da kwaɗo. Ƙuri'u sun yi kankankan, saura ta mutum ɗaya: Sanata Pruitt, 'yar birni, wadda mutanen mazaɓarta suka hana ta sakat da kukan tsadar ƙwai.

Sai Delmar ya gayyace ta karin kumallon da ƙungiya ke yi wa 'yan majalisa duk shekara a zauren da ke ƙarƙashin ginin coci. Tsarin ba ya canzawa: fanke, kofi, da soyayyen ƙwai tuli guda, a ci a ƙoshi, sannan shugaba ya miƙe ya nuna faranti ya ce, "Ku duba, ina yunwar take?" Ƙwan kuwa kyauta yake zuwa daga akurkin ƙanwarsa Marlys. Tun rasuwar mahaifinsu, duk kaka Delmar kan cika mata rumbu da masara a farashin gida, ita kuma ta riƙe kajinta. Kakar bana dai masana'anta ta yi tayi mai tsoka, sai yaya ya manta hanyar rumbun ƙanwarsa, ya kwashe har tsabar ƙarshe ya kai can.

Da safe ya shigo zauren yana murza hannu, ya tarar da Marlys tana jera kofuna. Ya leƙa kicin, ya leƙa bayan ƙofa.

"Ke, ina ƙwan?"

"Wane ƙwai, ranka ya daɗe?"

"Marlys, ba na son wasa yau."

"Ai ni ma na daina wasa. Na sayar da kajin, Yaya, duka. Na je kasuwa sayen masara na ji kuɗinta, na dawo na dubi kajin, na ga ba su iya shan fetur ba."

"Shi ne ba ki gaya mini ba?"

"Na kira ka. Matarka ta ce kana rediyo kana bayanin yadda abinci ya yi arha."

Haushi ya turnuƙe shi, amma ina lokacin faɗa? Motoci sun fara cika harabar coci. Aka dama fanke da ruwa da madara kawai, ya fito a daƙile kamar tafin takalmi, aka malala masa zuma don a rufa asiri.

Sanata Pruitt ta zauna a babban tebur, ga ɗan jarida da kyamara a gefenta. Ta yanki fanken da ƙyar, ta tauna cikin ladabi. Delmar ya miƙe ya kama makirfo ya saki baki: masararsu ba ta cin mutane ba ce, dusar da ta rage bayan an tatse mai dabbobi ke ci, masu kukan tsada su je su tuhumi dillalai. Aka yi ta tafi, don duk wanda ke zauren ya haddace jawabin.

"Shugaba," in ji Sanata, "abokan aikina sun cika ni da labarin ƙwan da ake ci a nan. Yau ban ga ko ɗaya ba. Lafiya?"

A nan ne Delmar ya tafka ta. Mutumin da rabonsa da kiwon ko da agwagwa tun yana saurayi, wanda gonarsa masara ce daga wannan titi zuwa wancan, ya laluba cikin kansa ya ɗauko ƙaryar da ya ga ta fi sauƙi.

"Ayya, ranki ya daɗe, kajin ƙanwata ne suka ɗan yi rashin lafiya. Wata 'yar mura ce ta bi ta kansu, duk suka ƙare. Ba ruwan masara."

Sai kujera ta faɗi a baya. Orval Tjaden ne, wanda ke kiwon talotalo a gonar da ke jikin ta Marlys, ya miƙe fuskarsa ta yi fari fat.

"Mura? Kai, Delmar! Mura a jikin shingena, shi ne kuka ɓoye?"

Ai kuwa wuri ya hautsine. A ƙasar da in aka ji murar tsuntsaye a akurki ɗaya hukuma ke killace yanki sukutum, ta hallaka duk mai fuka-fuki, wa zai tsaya cin fanke? Masu kaji suka yi waje suna kankare takalmansu a kan matakala don kada su kai cutar gida. Wata mata ta fashe da kuka. Sanata Pruitt, wadda ashe tana cikin kwamitin noma, ta zaro waya ta ce dole ta kira likitan dabbobi na jiha yanzun nan, doka ce.

Delmar ya dubi ƙanwarsa da idon roƙo. Marlys ta ci gaba da zuba kofi a kofin da babu mai shi, hankalinta kwance.

"Marlys, ki yi magana mana!"

"A'a, Yaya, makirfo a hannunka yake. Kai ne gwanin bayani."

Orval ya riga ya iso gabansa, yana cewa in aka kashe masa talotalo sai dai a haɗa da shi. Wayar Sanata ta fara ƙara a kunnenta. Tsoro ya kama Delmar, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya kai makirfo bakinsa, kyamara na kallonsa.

"Ku tsaya! Babu wata mura. Ƙarya na yi." Ya nuna Marlys. "Sayar da su ta yi. Masara ta yi mata tsada, ta kasa ciyar da su. Tawa kuma... masana'anta na kai."

Wannan karon ba a tafa ba. Orval ya ja tsaki ya zauna daɓas. Sanata ta kashe wayar, ta goge bakinta, ta ɗauki jakarta. Da ta zo wucewa ta gabansa ta tsaya ta rage murya.

"Ka san abin takaici, Shugaba? Tun a mota na yanke shawarar ba ku ƙuri'ata. Da ka ce mini an manta ba a sayo ƙwai ba, da shi ke nan. Yanzu kuwa, kafin in isa gida duk mazaɓata ta ji ka."

Ta haye matakala, ɗan jarida na bin ta da sauri. Delmar ya tsaya riƙe da makirfo, ya rasa inda zai ajiye shi, har sai da fasto ya zo ya zare wayar makirfon daga bango.