Ina Ramlat Za Ta Yi Takaba?

Masu ta'aziyya sun watse bayan la'asar, sun bar falon da ƙamshin turaren wuta da gorunan ruwa a warwatse a kan kafet. Ramlat tana zaune a ƙasa, ta jingina da kujera, hijabinta ya rufe har ƙafa. Ta taga ana jiyo ƙugin motocin unguwar Al Rigga, garin bai ma san an yi mutuwa ba. Mijinta, Alhaji Mijinyawa, ya yanke jiki ya faɗi ne a shagonsa na kasuwar Deira yana tsakar ciniki. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa, kuma a nan Dubai aka binne shi.

Yayansa Abdulganiyyu, wanda ya taso daga Kano saboda rasuwar, bai fita da jama'a ba. Ya tsaya a bakin ƙofar falon yana juya hularsa a hannu.

"Ramlat, akwai maganar da ba ta jira. Mai flat ɗin nan ya aiko. Wa'adin haya ƙarshen watan nan ne, shagon kuwa na duba, ba zai iya sabuntawa ba. Ina za ki yi takaba?"

"A gidan mijina mana, Yaya."

"Wanne?"



* * *

A da Mijinyawa yana da gida a Gwammaja, cikin Kano. Shi ya gina abinsa da guminsa, ɗaki bayan ɗaki, da rijiya a tsakar gida da zaure mai faɗi. Sai wani yayi ya shigo tsakanin 'yan kasuwar Deira. Idan aka sauko daga masallacin Juma'a aka zauna cin shinkafa, kowa sai ya zaro waya ya nuna gidan da ya saya a Alanya, wani garin shaƙatawa a bakin tekun Bahar Rum a ƙasar Turkiyya. Wanda ba shi da shi sai ya sunkuyar da kai a faranti.

Dikko, maƙwabcin shagon Mijinyawa, shi ya fara saya. Matarsa Sa'adiya kuwa ba ta bari Ramlat ta huta ba, kullum da bidiyon da za ta turo mata.

"Alhaji, Dikko fa kai ka koya masa yadda ake cika kwantena," in ji Ramlat wata rana tana zuba masa shayi. "Yau matarsa ce ke mini kwatancen teku."

"To ba ga teku nan a Dubai ba? Mu hau kwalekwalen abra mu tsallaka Bur Dubai, sai ki ƙoshi da ruwa."

"Kai dai ka cika wasa da abin da ke damun mutum."

Ba ta daina ba sai da suka je da rani, su da 'ya'yansu mata biyu, Murjanatu da Khadijatu. Garin yana da kyau, wannan ba a musu. Rana tas, fararen benaye sun jeru a gindin duwatsu, itatuwan lemo a bakin titi, ruwan kuma shuɗi kamar an zuba masa baba. Wani dillalin gidaje ya hau da su wani bene ya buɗe ƙofar baranda, iska mai gishiri ta bugi fuskar Ramlat. Nan take ta ɗaga waya ta fara ɗauka.

Mijinyawa ya matso ya rage murya. "Maman Murja, wannan fa ba zai sayu ba sai an sayar da na Gwammaja."

"Wa ke cikinsa? Ƙadangaru?"

"Idan ta Allah ta kasance fa?"

"Haba Alhaji! Muna kallon wannan ni'ima kana kiran mutuwa? Khalas, magana ta ƙare, ka saya."

Da Abdulganiyyu ya ji labari ya buga wa ƙanensa waya. "Kai Mijinyawa, ka sayar da zaurenka, a ina za a shimfiɗa tabarma ranar makokinka?" Mijinyawa ya yi dariya ya ce Yaya bai san duniya ta ci gaba ba.

Ɗan zaman da suka yi a gidan, ko sau ɗaya ba su taka yashin bakin ruwan ba. Mutanen da ke kwance a wurin kusan tsirara suke, Mijinyawa ya hana yaran sauka. Daga baranda suka yi kallon tekun, suka ɗauki hotuna, suka dawo Dubai. Ba su sake komawa ba. Ba don zama suka sayi gidan ba, don a gani ne, kuma an gani. Ramlat ta sha "Masha Allah" har ta gaji da amsawa.

* * *

Washegarin maganarsu da Abdulganiyyu ta kira dillalin. Ya yi mata ta'aziyya cikin ladabi, sannan ya ce marigayin ya danƙa musu gidan su riƙa saukar da masu yawon buɗe ido. Yanzu haka akwai baƙi a ciki, wasu kuma sun kama har ƙarshen rani. Batun sayarwa kuwa sai kotun can ta tantance magada, kuma abin yana ɗaukar lokaci.

"Ni matarsa ce fa," in ji ta.

"Na sani, madam. Ki yi haƙuri."

Ta dubi Abdulganiyyu. "Yaya, wanda ya sayi na Gwammaja, ba zai ba mu aron ɗaki ba?"

"Wane ɗaki? Ya rushe shi tun bara. Shagunan sayar da tayoyi ne a wurin." Sannan ya ƙara, "Gidana kin san shi, ni da iyalina da Inna a ɗaki uku. Yaran dai zan cusa su cikin nawa. Ke kuma na tambayi malam, ya ce mai takaba idan dole ta fitar da ita daga gidan miji, ta nemi wuri mafi kusa ta ƙarasa."

Iyayenta sun rasu, gidansu an raba gado an sayar. Sai ta tuna da Sa'adiya, mai flat mai ɗakin baƙi a nan Al Rigga. Ta kira ta.

"Wayyo habibti, wallahi da so samu ne!" in ji Sa'adiya. "Jibi za mu tafi Alanya hutu, Alhaji kuma ya ce a rufe flat ɗin. Kin san shi da kafiya. Amma zan leƙa miki naku in ɗauko miki hoto, inshallah."

Ramlat ta kife wayar a cinyarta. Ba haushin Sa'adiya ta ji ba. Muryar kanta take ji a barandar nan tana cewa ƙadangaru, da yadda mijinta ya tsaya yana kallon ruwa kafin ya gyaɗa kai. Ya tambaye ta, tambaya sak, ita ta mayar da ita abin dariya.

* * *

A'i ce ta karɓe ta. Wata dattijuwa ce da ke da flat a wani lungu na Deira, inda mata 'yan kasuwa daga Kano da Sakkwato ke sauka idan sun zo sayayya. Gadaje a jere, kwalaye har rufi.

"Ke dai zan iya, Hajiya," in ji A'i. "Yara kam babu wuri, kin gani da idonki."

Ranar da Abdulganiyyu zai wuce Kano da yaran, Khadijatu ta riƙe hijabin uwarta a bakin ƙofa. "Mama, ba za ki raka mu filin jirgi ba?"

"Mai takaba ba ta fita, Khadija. Ku bi Baffa. Ku yi masa biyayya."

Aka ɗaura mata igiya daga taga zuwa ƙusa, aka rataya zani, aka shimfiɗa katifa a bayansa. Nan ne ɗakinta. Daga safe zuwa yamma matan suna shiga da fita, suna gardamar farashin abaya, suna kiran masu cargo, yalla yalla, jirgi ba ya jira. Wasu sukan leƙo su ce Allah ya jiƙan rai, wasu ba su ma san da mutum a wurin ba.

Wata rana da hantsi wata baƙuwa, yarinyar mace mai zoben gwal a kowane yatsa, ta ɗaga zanin ta durƙusa.

"Sannu Hajiya, ya haƙuri? An ce ke ce matar mai gidan nan na Turkiyya. Wallahi na daɗe ina bin hotunanki, su na nuna wa maigidana har ya yarda. Filinsa na Kano ma an sa shi a kasuwa. Don Allah ki taimaka mini da lambar dillalin."

Ramlat ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. "Kuna da wani gidan?"

"Haya muke, Hajiya. Amma wa ke ta Kano yanzu?" Ta yi dariya. Kafin Ramlat ta ce wani abu aka ƙwala wa baƙuwar kira, mai cargo ya iso. "Ina zuwa, ki nemo mini ita," in ji ta, ta saki zanin ta fice.

Ramlat ta jawo carbinta. A bayan zanin wata tana naɗe kwali da salatef, ƙararsa tana tsaga ɗakin. Hasken da ke shigowa ta tagar bai wuce tafin hannu ba, don bangon wani benen ne a gabanta.