Ƙwaya Ɗaya a Carbin Lado

Ni Lado ban taɓa ce wa kowa ni malami ne ba. Izufi biyu gare ni, su ma da ƙyar. Gadi nake yi a ƙofar wani dogon bene a West Bay, nan ƙasar Larabawa, aikina zama da duba katin masu shiga.

A zaman nan abin ya fara. In na ɗora hannun dama a cinya, sai babban yatsa ya kama murza manuniya shi kaɗai, ba da izinina ba. In na miƙa hannu karɓar kati, sai ya tsaya cak. Na koma na zauna, ya ci gaba. Tsoro ya kama ni, don mai gadin da hannunsa ke rawa, kamfani ba ya jan magana da shi, khalas, sai tikitin gida. Sai na sayi carbi na saƙala tsakanin yatsun.

Kai, dabarar ta yi aiki fiye da yadda na so! A ɗakinmu na unguwar Mu'aither mu shida ne, kafin wata ya zagayo sun liƙa mini Malam. "Ku dubi bawan Allah, ko zance ake yi hannunsa na zikiri." Suka fara tura ni gaba in ba da salla. Ranar da Aruna, ɗan Zangon Kumasi da ke tuƙa motar kamfani, ya durƙusa gabana ya ce matarsa Fausatu na naƙuda, in sa ta cikin wuridina, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wane wuridi? Na yi mata addu'a dai iyakar abin da na sani, amma kunya ta hana ni cin abinci ranar.

Akwai kuma Munzali, mai raba shayi a wani ofis. Shi rawar hannunsa a fili take. Da ya ɗaga buta, kofuna sun fara kiɗa a kan tire. Suna ta tsokanarsa, wai ya rage shan shayin karak, wai sabuwar amarya ce ke kiransa daga Gusau. Ni ma ina dariya tare da su, har na fi kowa ɗaga murya, Allah ya yafe mini.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci muka zagaye farantin shinkafa da wake. Munzali ya ce, "Jama'a, na je wajen likita."

"To, me ya ce? Amaryar ce?" in ji Aruna.

"Ya ce nawa ba na tashin hankali ba ne. Hannu biyu ne, kuma sai ina aiki da su yake zuwa, in na ajiye su ya lafa. Ya tambaye ni ko akwai a gidanmu, na ce babana haka yake shan koko. Ya ce in rage shayi, in riƙa samun barci."

Aka yi ta barka. Na ce alhamdulillahi da ƙarfi, na kai loma.

Munzali bai dube ni ba, idonsa na kan farantin. "Na kuma tambaye shi wanne ne ake jin tsoro. Ya ce wanda ya kamata a kawo masa da wuri shi ne na hannu ɗaya, mai zuwa in hannun na hutawa, in mutum ya miƙa shi ya tsaya. Wai wani lokacin har tafiya takan yi nauyi, hannun ya daina lilo. Ya ce shi ma ba a yanke hukunci sai an auna, kuma akwai magani mai taimakawa in an zo da wuri."

Haushi ya taso mini, wallahi har na so in ce wa ya aike ka. Na tuna yadda maɓallin rigar aiki ke ba ni wahala da safe, da yadda Aruna ke cewa yalla Malam, yi sauri, ka cika nawa. Na jawo carbina da sauri na riƙe.

"Malam, a yi mana addu'ar godiya," in ji Aruna, ya ɗaga hannuwa. Sauran ma suka ɗaga.

Maza biyar sun tara hannu suna jiran albarkar ciwona. Ban san lokacin da na ajiye carbin a kan tabarma ba. Na ɗora hannun a gwiwa, na bar shi. Yatsun suka ci gaba da murzarsu, ba komai a tsakaninsu.

"Ba zikiri ba ne," na ce. "Ban taɓa ce masa ya yi ba."

Aruna ya sauke hannuwansa a hankali. Fuskata ta yi zafi kamar na leƙa tukunya.

Munzali ya ɗauki carbin. "Yaya Lado, na daɗe da sani. Likitan yana zama ranar Lahadi, na gaya masa zan zo da yayana."

"Ta yaya ka sani?"

Ya miƙo mini shi a tafin hannunsa da ke ɗan rawa. Duk ƙwayoyin suna nan da dushinsu yadda na sayo su, ban da guda ɗaya kusa da kan carbin, ta sha murza har tana ƙyalli.

"Mai zikiri gaba yake yi, Yaya. Kai kullum a kan wannan kake."