Waƙar da Na Aro wa Baba

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye bai furta ko kalma ɗaya ba. Nas ta ce yana ji, a riƙa karanta masa abin da yake so, ko harshen zai motsa. Yaya ta ce rubutattun waƙoƙi yake so, ni kuma da ba aikin fari ba na baƙi aka ɗora wa nema.

Ban san waƙa mai kyau daga marar kyau ba. A kwanakin nan ma ban san komai ba. In ci, in yi wanka, in zauna a kujerar roba ina kallon ruwan da ake ƙara masa yana ɗiga. Ko kuka bai zo mini ba.

A laburare na tarar da mai kula da littattafai tana manna bangon wani littafi da gam.

"Baiwar Allah, wace irin waƙa kike so?"

"Mai kyau."

"Kowa haka yake cewa." Ta goge yatsunta. "Ki tsayar da littafi a kan bayansa, ki sake shi. Inda ya buɗe da kansa, nan mutane suka fi komawa."

Na gwada. Wani siriri ya buɗe a shafin da gefensa ya yi baƙi don taɓawa. Na sa tikitin mota a wurin na fito. Ban karanta ba, ban ga dalilin yin aiki sau biyu ba.

A gefen gadon Baba na fara, da muryar mai karanta sanarwa. Ɗa ne yake yabon mahaifinsa, komai lafiya lau. Sai can ƙasa idona ya riga bakina, na ga ashe uban ya rasu, baitin ya ƙare da an raka shi kabari. Ban tsaya ba. Na ce an raka shi gida.

Yatsun Baba suka kama hannun rigata. Bakinsa ya karkace, ya daɗe yana fama.

"Ka... bari," ya ce.

Ashe ya san waƙar.

"Ya yi magana! Wallahi ya yi magana!" in ji nas, ta fita da gudu kiran likita.

Na jira murnar ta zo mini, ba ta zo ba. Baba kuwa littafin yake kallo, bai saki rigata ba. Na koma farkon baitin, na karanta masa yadda aka rubuta.