Jan Fil na Lungun Studena

A tsibirin nan babu wanda bai san Teta Nevenka, wato Inna Nevenka, da bokitinta ba. Duk safiyar da teku ta kwanta za ka hango ta cikin duwatsu, ruwa iya gwiwa, tana kankare ciyawar teku da wata tsohuwar wuƙa mai dakusasshen baki. Masunta sun daɗe da daina tambayarta. Mace ta kusa shekara arba'in tana neman abin da ba a ci, ba a sayarwa, ba a ma ganinsa sai da madubin ƙara girma, ai tambaya ta ƙare.

Gizo-gizon teku take nema. Irin nata bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma kusan duk ƙafafu ne, jikin ɗan mitsitsi kamar da ƙyar aka tuna aka sa masa. Yana maƙale da ciyawa, launinsu ɗaya, tafiyarsa kuwa ta mai ciwon baya. Ba a farautarsa da ido. Ciyawar ake zubawa a farin tire da ruwan teku, a ja kujera a zauna. In ruwan ya fara gajiya, shi da kansa zai sako ƙafa ya fito fili. Wanda ba shi da haƙuri gara ya je ya yi kamun kifi.

Aikin na mutum biyu ne, ita da mijinta Bartul. Ɗaki ɗaya aka ba su a bayan ƙaramar tashar binciken teku da ke saman gari, a nan suka tsufa. Allah bai ba su haihuwa ba, mutanen gari kuma bakinsu ba ya mutuwa, suka ce ai 'ya'yansu na cikin kwalabe. Maganar tana yi wa Nevenka ciwo. Bartul kuwa dariya yake yi, ya ce da kyau, ko ɗaya bai taɓa tashinsa neman takalmin makaranta ba.

A bangon ɗakin akwai babbar taswirar tsibirin, manne a jikin allo, gaɓarta cike da fil, 'yan allurai masu kai kala-kala. Kowane iri da launin filinsa, kowane fil kuma yana nufin an samu irin nan a wurin nan. Sunayen littafi dogaye ne, na Latin, don haka a tsakaninsu suka raɗa nasu. Akwai iri biyu masu kama da juna kamar an tsaga kara. Ɗaya bakinsa ya tsuke a gaba, suka sa masa Mai Tsini, filinsa shuɗi, kuma ko'ina aka kankara sai an same shi. Ɗayan bakinsa ya yi tumbi a tsakiya, shi ne Mai Tulu, filinsa ja, bai taɓa yarda ya fito musu ba sai a gaɓar arewa.

Doka ɗaya ce da su, ba su taɓa karya ta ba. Fil ba ya hawa taswira sai ido biyu sun shaida. Wanda ya fara leƙa madubin ƙara girma ba ya cewa uffan, ba ya murmushi, ba ya ɗaga gira. Zai ɗauki fil na launin da ya gani ya dunƙule a hannu, ya kira ɗan'uwansa. Na biyu ya duba ya faɗi suna da baki, sannan a buɗe hannu. In sun dace, fil ya hau. Bartul ne ya kawo dokar, don a cewarsa ido maƙaryaci ne, abin da zuciya take so shi yake gani.

Rigimarsu kuwa a kan Lungun Studena take, wani ɗan lungun teku a gaɓar kudu inda idon ruwa mai sanyi yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin teku. Bartul ya kafe a kan lallai Mai Tulu yana nan, tun da ciyawar wurin irin ta arewa ce. Nevenka ta ce ruwan ya salance da yawa, gishirinsa ya yi kaɗan, ba zai zauna ba. Kowace bazara sai sun je, kowace bazara shuɗin fil suke samu. Ta yi masa tsiya har ta gaji. Shi kuma ya ce ranar da jan fil ya hau Studena, ita za ta dafa masa miyar kifi da hannunta, ta kuma tsaya a bakin kasuwa ta ce Bartul ya fi ta gaskiya.

Sai ga shi mantuwa ta kama shi, ya fara sa cokali a aljihu, yana neman hanyar gidansu a titin da aka haife shi. Da abin ya fi ƙarfinta, aka kai shi gidan kula da tsofaffi a birnin da ke tsallaken ruwa. Tana zuwa duk Lahadi. Tun bara ya daina kiran sunanta, yana gaishe ta da ladabi kamar baƙuwa, ya karɓi busasshen ɓauren da ta kawo ya yi godiya. Tun tafiyarsa ko fil ɗaya bai ƙara hawa taswira ba. Tana kankarowa, tana dubawa, tana gane abin da ta gani sarai, amma ba wanda za ta dunƙule wa hannu. Wani lokaci sai ta ji ta ce “zo ka gani,” kujerar da ke gefenta ta yi mata shiru.

Yanzu kuma an ce ɗakin za a mayar da shi ma'ajiyar kayan nutso. A ƙarshen watan nan mota za ta zo ta ɗauki kwalabe da taswira zuwa gidan tarihi na babban birni, yadda taswirar take ranar nan haka za ta zauna har abada. Shi ya sa Nevenka ta koma Studena, don ta yi wa wurin sallama.

Ta zuba ciyawar a tire, ta haɗa kofi, ta zauna. Kofin ya huce kafin wani abu ya motsa. Ta ɗauko shi da ɗan burushi, ta sa a ƙaramin faranti, ta murɗa madubi. Namiji ne, ƙwai dunƙule a ƙarƙashin cikinsa, don su gizo-gizon teku uba ne mai goyo. Ta juya shi ta ga bakin. Ta tashi ta leƙa taga, ta dawo ta sake dubawa. Bakin yana nan da tumbinsa.

Murna ta zo mata tare da haushi. Mutumin nan ya ci gardamar shekara talatin, kuma ba ya nan balle ya yi mata gori. Akwai wani masani a ƙasar waje da za ta iya aika wa hoto ya amsa kafin la'asar, amma ba shaidarsa take bukata ba. Ta sa abin a kwalba da ruwan teku da ɗan reshen ciyawa, ta naɗe da jiƙaƙƙen tawul. Madubin ta sa a akwatinsa na katako, ta ɗauki ɗan gwangwanin fil.

Washegari a bakin jirgin fito ta ci karo da Perina mai sayar da kifi, sa'arta tun makaranta, mai baki kamar reza.

“A'a, Nevenka! Yau Laraba ce fa, ko kin fara bin sawun mijinki? Wannan akwatin kuma fa, ƙaura za ki yi ba sallama?”

“Baƙo zan kai masa.”

Perina ta leƙa tawul ɗin. “Ɗaya daga cikin 'ya'yan ne? Allah sarki, za a je gaida baba. To ki riƙe shi da kyau, kar ya yi amai a jirgi.”

“Ke dai ki ji da kifinki, tun daga nan nake jin na shekaranjiya ne.”

“Na safiyar yau ne, hancinki ne ya tsufa.” Perina ta sassauta murya. “Zai gane kuwa?”

“Ban sani ba.”

Perina ta kama hannu ɗaya na akwatin, suka hau da shi tare.

Ta tarar da Bartul a kujerarsa ta kullum, kusa da taga, an sa masa rigar sanyi mai maɓalli. Ma'aikaciyar da ke kula da shi, Jagoda, wadda take ce masa Barba, wato kawu, ta ga akwatin ta riƙe ƙugu.

“Teta, yau kuma asibiti za ki buɗe mana? Barba Bartul, ga baƙuwarka ta zo da kaya niƙi-niƙi.”

“Sannu da zuwa, baiwar Allah,” in ji shi. “Zauna mana.”

Kalmar nan ta baiwar Allah ta saba jin ta, amma har yau sai ta soke ta. Ta jawo tebur gabansa, ta kafa madubi, ta kunna 'yar fitilarsa, ta sa farantin a ƙasa. Gwangwanin fil ta buɗe ta ajiye a damansa, inda yake zama tun da can. Nata jan fil yana dunƙule a hannunta na hagu tun daga jirgi, har ya huda ta. Bakinta cike yake da magana: Studena ce, Bartul, ka ci. Amma in ta faɗa ta ɓata shaidar, don haka ta haɗiye, ta daure fuska.

Ya daɗe yana kallon taga. Jagoda ta matso za ta ce masa ya duba, Nevenka ta girgiza mata kai. Nevenka ta ja kujera ta zauna, ta jira, aikin da ta fi iyawa ke nan.

Can sai hannunsa ya sauko kan tebur. Ya shafa ƙafar madubin, yatsunsa suka hau suka sami abin murɗawa ba tare da lalube ba. Ya tura tabarau goshi, ya sunkuya. Mutumin da ba ya iya ɓalla maɓallin rigarsa ya ɗauki burushi ya juya gizo-gizon a hankali, ko ƙwai ɗaya bai taɓa ba.

“Daga ina aka samo wannan?” ya tambaya, bai ɗago ba. Muryar aiki ce, wadda ta yi shekara biyu ba ta ji ba.

Faɗin wuri ba ya cikin abin da doka ta hana. “Studena,” ta ce.

Ya sake murɗawa. Sannan kunnensa na dama ya yi ja, ja sosai har wuya. Duk iya daure fuskarsa, kunnen nan ne yake tona masa asiri tun suna matasa, ba ta taɓa gaya masa ba don kar ya rufe shi da hula. Ya ɗago, fuska ba yabo ba fallasa, ya kare gwangwanin da tafin hannu ɗaya, ya ɗauki fil da ɗayan ya dunƙule.

Nevenka ta gane abin da ya faru. Ya ɗauka shi ne idon farko.

“To, Barba, mene ne?” in ji Jagoda. “Ka bar mu a tsaye.”

“A'a, 'yata, ba a faɗa. Sai Nevenka ta duba. Ki kira min ita, tana bakin ruwa da bokiti. Ki ce ta bar komai ta zo yanzu.”

“Ga ta nan ai, Barba, a gabanka.”

Ya dubi Nevenka da fara'a, irin ta mai gudun kunyata baƙo. “Wasa take yi miki, kar ki damu. Nevenka baƙin gashi ne da ita har baya, ga faɗa. In ta shigo ba sai an gaya miki ba.”

Nevenka ta tashi ta sunkuya a kan madubin, ko da yake ba ta ganin komai sai ruwa. Ta daidaita murya ta faɗa, yadda na biyu yake faɗa.

“Mai Tulu.”

Ya zaro ido. Leɓensa ya motsa kamar dariya za ta ƙwace masa, ya danne ta. Hannun nan kuma ya ƙara matse shi a ƙirji.

“Baiwar Allah, wa ya koya miki sunan nan? Kina da ido, ban hana ki ba. Amma naki ba ya shiga lissafi, kar ki ji haushi. Dokarmu ce ni da ita.” Ya matso ya rage murya. “Akwai miyar kifi a cikin maganar nan. Ki tsaya ki ga fuskarta, yau za a sha kallo.”

Ta buɗe nata hannun a ƙarƙashin tebur ta kalli jan fil ɗin, da ɗan jinin da ya fitar. Tana iya komawa ta kafa shi da kanta, ba wanda zai sani, ba wanda ma ya damu. Amma hannun Bartul bai buɗe ba, kuma ba ita ce za ta ɓanɓare shi ba. Ta mayar da fil ɗin cikin gwangwani ta rufe. Studena za ta tafi babban birni da shuɗin filinta.

“Ba za ta daɗe ba,” in ji Bartul. “In tana kankara ne ba ta jin kira. Kina sauri ne?”

“Ba na sauri.”

“To zauna mu jira ta.”

Jagoda ta fita da sauri tana goge ido da bayan hannu. Nevenka ta mayar da gizo-gizon cikin kwalbarsa don kar fitila ta dafa shi, ta ja kujerarta kusa da ta mijinta har kafaɗunsu suka haɗu. Suka zuba wa ƙofa ido su biyu, suna jiran Nevenka.